Revive, renew, refresh da ƴan uwansu: ba duka ne “sabunta” ba

Salamu alaikum jama'a, musamman malaman Hausa da masu fassarar labarai. Akwai tarin kalmomin Turanci da ke nufin abu ya sake samun rai ko ya koma sabo, irin su renew, revive, refresh, revitalise, rejuvenate, regenerate, resuscitate, renovate har da renewable, kuma yanzu duk wanda ya zo fassara sai ya ɗauki ɗaya cikin biyu, ko sabunta ko farfaɗo, ya liƙa kawai ya wuce. Abin yana damuna gaskiya, don Hausa ba ta rasa kalmomin ba, mu ne muka ajiye su.

Ni shawarata kafin ka zaɓi kalma ka fara tambayar kanka, shi abin me ya same shi tukuna? Ya mutu ne, suma ya yi, ciwo ya yi, gajiya ce, ko wa'adinsa ne kawai ya ƙare. Amsar nan ita za ta ba ka kalmar.

Renew dai ba gardama, sabunta ce, fasfo, lasisin tuƙi, kwantiragi, kuɗin haya, duk abin da ke da wa'adi. Amma ko a nan ɗin akwai tarko. Taken gwamnatin Tinubu tun yaƙin neman zaɓen 2023, Renewed Hope, da yawa suna rubuta shi “sabunta fata”, toh a baki ba matsala saboda karin sauti yana raba su, amma a rubuce fata na zuciya da fatar jiki duk haruffa ɗaya ne, kuma masu tallan man shafawa su ma “sabunta fata” suke rubutawa idan suna nufin rejuvenate. Maganin yana cikin jinsi: fatan alheri namiji ne, fatar jiki mace ce. A ce “sabon fata”, ba mai ruɗewa. Ita kuma rejuvenate asalinta daga kalmar Latin ce mai nufin matashi, don haka “dawo da ƙuruciya” ta fi dacewa da ita.

Inda nake so mu tsaya sosai shi ne farfaɗo. Kowa ya taɓa ganin wanda ya suma, a taron biki ko a layin asibiti, a kwantar da shi a inuwa a sassauta masa riga, wani na yayyafa ruwa wani na fifita, can sai ya ja dogon numfashi ya buɗe ido, sai ka ji an ce alhamdulillahi ya farfaɗo. Wato da sauran rai a jikinsa, ba a ce gawa ta farfaɗo. Shi ya sa resuscitate ta likitoci ta zauna daram a kan farfaɗo da, haka revive idan abin bai gama mutuwa ba, kamar tattalin arziki ko kasuwar da ta yi sanyi. Amma ku duba yadda ake cewa za a farfaɗo da masaƙun Kaduna. Masaƙar Kaduna Textiles Limited (KTL) da ta fara aiki a 1957 an rufe ta tun 2002, sama da shekara 20 ke nan injuna a tsaye, wannan suma ce? A ganina mai fassara in ya rubuta farfaɗo a nan ya rage wa mai karatu girman aikin, ya sa shi zaton ruwa kaɗan za a yayyafa. Abin da ake nufi shi ne a sake tayar da su, ko a sake gina su daga tushe, kuma gara a faɗa haka.

Wani zai ce toh me ya hana mu ce raya? Raya kalma ce mai nauyi, ita malamanmu suka sa wa ihya'u na Larabci, littafin Shehu Usmanu Ihya'us Sunna ai raya sunna ake fassara shi, a fiƙihu ma akwai babin raya matacciyar ƙasa, wanda ya shiga dajin da ba na kowa ba ya share ya noma. Sai dai aikin gwamnati ya riga ya ja ta wani gefen, raya ƙasa, raya karkara, raya birane, duk development ake nufi ba dawo da abin da ya mutu ba. Don haka in za a yi amfani da ita a wannan ma'anar sai an ƙara “sake”, a ce sake raya sana'ar rini, sake raya wasan langa. Revitalise ma nan zan kai ta.

Jaddada ita ma haka ta faru da ita. Daga tajdidi na Larabci take, hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito cewa a kan kowace shekara 100 Allah zai aiko wanda zai jaddada wa al'umma addininta, daga nan muka samu Mujaddadi da muke kiran Shehu da shi. Yau kuma buɗe rediyo ka ji, gwamna ya jaddada aniyarsa, minista ya jaddada cewa kaza, ta koma nanata magana. Ban ce kuskure ba ne, harshe haka yake tafiya, amma a rubutun addini da tarihi renewal tajdidi ce, kar a sa sabuntawa, don mai karatu zai iya fahimtar an kawo sabon abu a addini alhali akasin haka ake nufi.

Regenerate ta fi ba ni sha'awa saboda manoma sun riga masana warware ta. A yankin Maraɗi tun wajen 1983, lokacin da wani ɗan Ostireliya Tony Rinaudo yake aiki a can, aka fara ƙarfafa wa manoma su daina ƙone kututturen da ke gona, kututturen ya yi toho, a zaɓi rassa masu ƙarfi a bari a sassabe sauran, shekara kaɗan sai ga itace tsaye ba tare da an dasa ko ɗaya ba. Turawa suna kiran wannan natural regeneration, ana ƙiyasta ya mamaye kusan hekta miliyan 5 a Maraɗi da Damagaram. Mutanen wurin kuwa sassaben zamani suka ce masa, sunan ya fito daga aikin da hannu ke yi ba daga ƙamus ba. Ita kalmar kanta toho ce ko tofo, ya danganta da garinku, kuma ina ganin ko a kimiyya in ana maganar hanta da ke sake tsiro bayan an yanke wani ɓangare, ko wutsiyar ƙadangare, a ce ta sake toho, ɗalibi zai gane nan take.

Sauran ba su da wuya. Mara lafiya murmurewa yake, mai gajiya wartsakewa. Renovate in fenti ne da canja tayil kwaskwarima ce, in an taɓa har ƙashin ginin ko tsarin ma'aikata garambawul ne. Resurrect tayar da matacce ce, resurrection kuma tashi daga matattu ake cewa. Renaissance ta Turai, wato bunƙasar ilmi da fasaha da ta faro daga Italiya a ƙarni na 14, kalmar Faransanci ce mai nufin sake haihuwa, amma “zamanin farfaɗowa” ya riga ya zauna kuma ya yi, tun da ilmin bai mutu ba.

Guda biyu ne nake neman taimakonku a kai. Renewable energy ana cewa makamashi mai sabuntuwa, wasu su ce makamashin da ake sabuntawa, na biyun bai yi min ba sam, waye yake sabunta rana ko iska? Ni “makamashi mara ƙarewa” na fi so, shi ne za ka faɗa wa tsohuwa a ƙauye da aka sa wa sola ta gane, ko da yake na san masu kimiyya za su ce itace ma yana ciki kuma daji yana ƙarewa in an fi ƙarfinsa. Sai refresh ta waya da kwamfuta, a yanzu update sabunta, renew sabunta, refresh ma sabunta, mutum ya danna bai san ko data ɗinsa za a cinye ana sauke sabuwar manhaja ko shafin ne kawai zai sake buɗewa ba. Na ji masu cewa “sake lodi”, na ji “wartsake shafi”, ni ta farkon na fi karkata don ita ke faɗin abin da wayar ke yi. Ƴan uwa na Nijar da na zangon Kumasi, ku me kuke cewa a wajenku?