Kwayil ɗin injin kwale-kwale: wane suna za mu raɗa masa?

Assalamu alaikum, jama'a. Kawuna yana da tsohon injin kwale-kwale ƙirar Evinrude, mai fulogi biyu, irin na da mai kontak (ƴan ƙarafan da ke buɗewa da rufewa su yanke wuta) da kwandansa (wato condenser, ɗan abin da ke riƙe caji), yana aiki da shi a madatsar ruwa ta Goronyo. Makon jiya fulogi ɗaya ya daina samun wuta. Da aka ɗaga fulawil, wato faifan ƙarfen da ke juyawa a saman injin, sai ga jikin kwayil ya tsattsage kamar ƙasar fadama da rani. Kawu ya bugo ya ce in sayo masa kwayil a cikin garin Sakkwato. Na sayo, na ba direba ya kai, ashe ba shi ba ne. Na caji aka ba ni, na injin Yamaha. Kuma mai shago bai cuce ni ba, don shi ma wancan kwayil ake ce masa.

Abin da ya dame ni ke nan. A injin zamani akwai mai tara caji, akwai mai ba da sigina cewa lokacin tashi ya yi, akwai mai jefa tartsatsi a fulogi, wani injin har da na fitila, duk suna ɗaya. Wanda nake nema wa suna shi ne mai tartsatsin. Cikinsa ƙarfe ne falle-falle, an naɗe shi da waya iri biyu: mai kauri zagaye kaɗan, sai siririya kamar gashi zagaye dubbai. Maganaɗisun fulawil ya gifta, kontak ya buɗe, sai ƙarfin wutar ya haura volt 10,000 ta tsallake bakin fulogi. Me za mu kira shi?

Wani ɗalibin Hausa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo:
Yaya, me zai hana a ce naɗin wuta? Ai waya ce aka naɗe.

Ƙanena, na yi tunaninsa. Amma naɗi aikin ne, ba abin ba, kuma a garin nan in ka ce naɗi, rawani za a fara tunawa. Ita kuma wuta ta yi faɗi: caji wuta ne, fitila wuta ce. Mun koma inda muka baro.

Wani makanike daga Wamakko:
Malam, ku bar mana kwayil ɗinmu, shekara da shekaru muna aiki da shi. Ciwon ba a suna yake ba, a zama yake. An daina ƙera Evinrude tun 2020, tsofaffin nan kuwa sun daɗe sai kayan gyara na wasu kamfanoni. Za a ba ka wanda ramin kusoshinsa ya yi daidai, ka ɗaura, amma ƙafafun ƙarfensa sun leƙo waje kaɗan. Ka mayar da fulawil sai ka ji yana gugar maganaɗisu. In kuma ƙafafun suka shige ciki da yawa, tartsatsi ya zo ja-ja, ba ƙarfi. A farantin da kwayil ke zama a kai akwai tudun da aka goge don wannan, sai ka shafa da farce ka ji ƙafar ta daidaita da shi kafin ka ɗaure. Wayar fulogi ma a kan wani tsinke take shiga, in ta yi sako-sako ruwa ya samu hanya. Mai arha kuwa zai tashi lafiya da sanyin safiya, in ya ɗau zafi ya yanke maka wuta a tsakiyar ruwa da mutane cikin jirgi. Ni kwayil biyun nake canjawa tare, da kontak da kwandansa, in buɗe kontak kamar rabin milimita.

Allah ya saka, Oga. Wannan bayani kawu zai amfana da shi fiye da duk surutuna. Amma ka duba, kai da kake riƙe da abin a hannu ba ka buƙatar suna. Mai saƙo ta waya daga Goronyo shi ke buƙata.

Wata malamar makaranta:
Gammo fa? Muna cewa maciji ya yi gammo. Gammon wuta yana da daɗin faɗi.

Wallahi yana da daɗi, Malama, har na so shi. Sai dai gammo tsakiyarsa fanko ce, wannan kuwa ƙarfen tsakiyar shi ne rabin aikin.

Wani dattijo, tsohon tela a Kasuwar Sakkwato:
Ɗana, abin ga da kaka kwatantawa kwarkwaro na. Haka munka iske masaƙa suna naɗe zare bisa ɗan kara su sa cikin ƙoshiya. Da keken ɗinki ya zo, ba mu nemi sabon suna ba, kwarkwaro munka ce ma nashi.

Baba, Allah ya ƙara girma. Nan na tsaya. Kwarkwaro abu ne, ba aiki ba, yana da ciki da ake naɗewa a kai, kuma ya taɓa ƙaura daga saƙa zuwa inji bai ɓata ba. Abin da ya fi burge ni, yana karɓar rakiya: kwarkwaron tartsatsi, kwarkwaron caji, kwarkwaron sigina, kwarkwaron fitila. Na kawu shi ne kwarkwaron tartsatsi. Oga na Wamakko, ba na hana kowa cewa kwayil a gareji, amma ko shi ɗin a riƙa yi masa rakiyar, a ce kwayil ɗin tartsatsi.

Na bugi kawu na gwada masa sunan ba tare da bayani ba. Ya yi shiru kaɗan, ya ce, "Na ƙarƙashin fulawil ke nan, mai wayar fulogi." Gobe direba zai kawo mini tsohon a leda, in je kasuwa da shi a gwada ƙafafun.