Masu lalura da suka sabunta Android, yaya kuka kwashe?

Baban Khalifa, Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun makon jiya wayata ke damuna da saƙon cewa sabon Android ya iso, wai in danna a sauke. Ni kuwa ba na gani, da TalkBack, manhajar da ke karanta wa makaho abin da ke allon waya, nake yin komai, tun daga sauraron saƙo har tura kuɗi, kuma ba ni da wata wayar ban da ita. Waɗanda suka riga mu dannawa, don Allah ku faɗa mana abin da kuka tarar.

Maman Ilham, Samaru:
Wa alaikumus salam. Baban Khalifa, ka sabunta, amma kada ka yi kai kaɗai a ɗaki. Ni da hantsi na yi tawa, yara duk sun fita. Waya ta gama, ta mutu, ta tashi, sai shiru. Na shafa, na ƙwanƙwasa, ko tari ba ta yi ba. Ashe duk lokacin da waya ta sake tashi ba ta karɓar zanen yatsa sai an fara sa lambar sirri, kuma kafin a sa lambar, yawancin manhajojin da mutum ya ɗora da kansa ba sa aiki. To ni muryar da ke yi mini karatu ba wadda ta zo da wayar ba ce, wata ce na ɗora don ta fi daɗin saurare. Haka na zauna riƙe da waya har Ilham ta dawo daga makaranta ta buɗe mini. Kafin ka danna, ka mayar da muryar asali. Ka kuma tabbata gajeriyar hanyar nan tana kunne, wadda ake danne maɓallin ƙara murya da na rage ta tare na daƙiƙa uku TalkBack ya tashi.

Ɗan Kongo:
Gaskiya ne Anti. Ni nawa ciwon kan daban ne. Bayan na koma Android 13 na wanke wayar tas, wato na goge duk abin da ke cikinta, don ta yi sauri, sai na karɓi manhajar karanta allon waya da na saba da ita daga wurin abokina ta Xender, kamar yadda muka saba a makaranta. Ta sauka lafiya lau. Da na je ba ta izinin aiki, sai waya ta ce an taƙaita wannan saitin. Tun daga Android 13, wanda ya fito a 2022, manhajar da ba ta shagon manhajoji irin Play Store aka sauke ta ba, ba a barinta ta karɓi wannan izini kai tsaye. Dalilin ma ba na banza ba ne: izinin da ke ba manhaja damar karanta mana allo, shi ne dai ɓarayi ke nema don su leƙa lambobin banki. Na yarda da hakan. Abin da ya ba ni haushi shi ne inda aka ɓoye mafitar. Sai ka fara gwada kunnawa an hana ka, sannan ka shiga bayanin manhajar, ka lalubo ɗigo ukun da ke can sama a kusurwa, a nan za ka tarar da wurin ba da izinin. Mai ido ma sai ya yi da gaske, balle mu.

Malam na Gyallesu:
Ni idona lafiya, hannun dama ne ya tafi tun da na samu shanyewar ɓarin jiki. Na kai wayata wurin wani yaro mai gyara a PZ ya sabunta mini, ya dawo da ita babu maɓallan nan uku na ƙasa, wai yanzu shafa ake yayi. Mai hannu ɗaya, kuma na hagu, yana rawa, ina shi ina shafa daga gefe? Sai da jikana ya shiga saiti ya dawo da su. Shi ya kuma kunna mini Accessibility Menu, manyan hotuna a allo na kulle waya da ƙara murya da ɗaukar hoton allo, ba sai na matsa gefen waya ba. Masu gyara, ku riƙa tambayar mai waya kafin ku sauya masa abu.

'Yar Sabon Gari:
Ni kurma ce, kuma ni dai alhamdu lillahi. Android 14 ya zo da walƙiyar sanarwa: in saƙo ko kira ya shigo, fitilar kyamara ko allon ya haska. Ina kan keken ɗinki waya na gefe, ba na rasa kwastoma yanzu. Masu iPhone sun daɗe da irinsa. Rubutun da ke fitowa ƙarƙashin bidiyo kuwa, in magana ta Hausa ce bai amfane ni da komai ba.

Maman Ilham, Samaru:
Maganar Hausa ma ita ce babba, ƙanwata. Duk sabuntawar da na yi, muryar wayata da harshen Bature take karanta saƙon Hausa, in ta zo kan ƙ da ɗ da ɓ kuwa sai ta haɗiye ko ta yi wani abu daban. Kunne ne kawai ya saba. Inda aka samu ci gaba shi ne rubutu: tun 2024 Gboard, allon rubutu na Google, yana karɓar maganar Hausa ya mayar da ita rubutu. Ina amfani da shi, sai dai ina saurarar abin da ya rubuta kafin in aika, musamman in akwai suna ko adadin kuɗi.

Ɗan Kongo:
Ga masu gani dishi-dishi, a Android 14 ana iya ƙara girman rubutu har ninki biyu. Amma ɗan ɗakinmu da ya kai shi ƙarshe, maɓallin tura kuɗi a manhajar bankinsa ya faɗa ƙasan allo, sai da ya rage. Sannan Baban Khalifa, ka sani in an hau ba a saukowa cikin sauƙi, komawa tsohon sai an wanke waya. Ka cika caji, ka tanadi data mai yawa.

Baban Khalifa, Tudun Wada:
Allah ya saka da alheri. Na duba, muryar wayata ma ta ɗorawa ce irin ta Maman Ilham, na mayar da ta asali yanzu. Zan bari sai ranar Asabar ɗan yayata ya zo daga Kwangila mu yi tare. Malam na Gyallesu, don Allah ka tambayi jikan naka a wane wuri cikin saiti ya samo maɓallan ukun, ni ma su na saba da su.