Neman kalma: robar da ake zurawa ta hanci zuwa ciki

Nas Gusau: Assalamu alaikum. Ranar Asabar zan shiga rediyo in yi wa iyaye mata bayanin robar da muke zurawa ta hanci har ciki, a ba yaro F-75, madarar asibiti ta masu tamowa, idan tamowar ta hana shi sha da baki. A asibiti "robar hanci" muke cewa, amma ta iskar oksijin ma haka ake kiranta. Ina kuma neman yadda zan faɗi babban haɗarinta: ta kauce wa hanyar abinci ta faɗa ta numfashi, madara ta tafi huhu. Don Allah kafin daren Juma'a.

Ɗan Ƙaura: Wa alaikumus salam. Robar ɗura mana, me ya fi wannan sauƙi?

Uwar Biyu: Kada ki soma, ƙanwata. Ɗura ita ce uwa ta kwantar da yaro a cinya, ta toshe masa hanci, ta kwarara masa koko yana shure-shure. Shekara da shekaru ana hana ta. Kika faɗe ta a rediyo, gobe za su ce ashe likita ma yana yi.

Malamin Hausa: Duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Ita kanta "roba" ba Hausa ba ce. Muna da "zura". Ni dai na ce a kira ta zurau.

Ɗan Ƙaura: Allah ya gafarta Malam, mantau da makarau duk mutane ne. Zurau kuwa sai ka ce wani ɗan acaɓan Tudun Wada.

Malamin Hausa: To mazurari. Amma zurau ta fi daɗin faɗi, kuma kowace kalma da baƙunta ta fara.

Nas Gusau: Malam, mazurari na zuba kananzir ne. Ku dubi abin da zan bayyana. Kafin a zura ana auna tsawonta daga hanci zuwa kunne zuwa ƙasan ƙirji. Bayan ta shiga, a zuƙo ruwan ciki da sirinji a ɗiga a takardar gwajin tsami. Idan ya nuna 5.5 ko ƙasa da haka, robar ta isa tumbi. In an yi shakka, sai hoto. Tsohuwar dabarar hura iska a saurara da abin kunnen likita ba abin dogaro ba ce, a Ingila tun 2005 aka yi gargaɗin a daina. Ga haɓo, ga gyambon da take yi a gefen hanci in ta daɗe. Wanda kuma ya fasa gindin ƙoƙon kai a haɗarin babur ba a bi masa ta hanci, don tana iya zarcewa ƙwaƙwalwa. Duk wannan cikin minti ashirin, ga masu bugo waya.

Bazamfare: Mi ah haɗinmu da wagga gardama? Mu dai abin da munka sani, "an sa mai roba." Ku ko kullum sai Hausar Kano kuka jawo muna.

Malamin Hausa: Daidaitacciyar Hausa ba ta Kanawa kaɗai ba ce.

Bazamfare: To ta wa ta? Ko sau ɗaya ka ji an karanta labaru da "munka"?

Uwar Biyu: Ku yi wa Allah ku bar wannan, baiwar Allah tana jira. Batun huhu, ai muna da "ƙwarewa" da "sarƙewa". Kowace uwa ta san yaro ya ƙware.

Nas Gusau: Sarƙewa zan ɗauka, Yaya, don in na ce ƙwarewa wani zai zaci yabon ma'aikaci nake. Sai dai yaron da ya galabaita sosai ba lallai ya yi tari ba ko da robar na huhu, dole in ƙara wannan. Robar kuwa "robar abinci ta hanci" zan ce, ta rabu da ta iska da ta fitsari.

Malamin Hausa: Wannan ai jimla ce, ba kalma ba. Ki yi da ita wannan karon. Amma ki sako zurau ko sau ɗaya, mu ji bakin masu sauraro.

Nas Gusau: In lokaci ya rage, Malam.