Sunan Allah a jikin fastar fim

Baban Khalifa: Salamu alaikum. Abin nan ya daɗe yana ci mini rai. Yau da safe a hanyar kasuwa na ga fastar wani fim a cikin kwata, sunan fim ɗin da kalmar Allah ɓaro-ɓaro, ruwan wanke-wanke na bi ta kai. Sai da na sa hannu na ciro ta. Masu shirya fim ku ji tsoron Allah, ku daina ɗora sunanSa a kan wasa. Sunaye ne suka ƙare a Hausa?

Ɗan Fagge: Baba, wasa fa ka ce. Sana'ar da muke ciyar da iyali da ita ce wasa? Faɗakarwa muke yi.

Abu Sumayya: To da me Bahaushe ke kiransa? Wasan kwaikwayo. Ba mu muka raɗa masa ba.

Ɗan Fagge: Dambe ma wasa ake ce masa, amma haƙori ke fita.

Maman Ilham: Ni kalmar wasan nan ba ta yi mini daɗi ba gaskiya. Fim ɗin Ar-Risala da Mustafa Akkad ya yi a 1976, a nan yarana suka fara sanin wahalar da Bilal ya sha, an danne masa ƙirji da dutse a tsakar rana. Ba a nuna fuskar Manzon Allah (SAW) ba, ba a ji muryarsa ba. Har kuka babbar ta yi. Shi ma wasa ne?

Abu Sumayya: Hajiya, a na Turancin wanda ya fito a Sayyidina Hamza Anthony Quinn ne, ba Musulmi ba ne. Yanzu in an ambaci Hamza, fuskar wa yaranki ke gani?

Maman Ilham: Malam, tarbiyyar yarana ka bar mini ita.

Baban Khalifa: Jama'a, maganar fasta fa nake yi.

Ɗan Damagaram: Malam Abu, tunda fuska ce damuwarka, fim ɗin Annabi Yusuf na Iran fa, na 2008, mai kashi 45? Fuskar Annabi guda aka nuna ƙiri-ƙiri, kuma gidaje nawa aka kalle shi da fassarar Hausa? Ban ji ka ce uffan ba.

Abu Sumayya: Na 'yan Shi'a ne, ban taɓa kalla ba, ba kuma zai shigo gidana ba.

Ɗan Damagaram: To na Sayyidina Umar da tashar talabijin ta MBC ta nuna a azumin 2012? Halifofi huɗu duk an nuna su. Masu tashar 'yan Saudiyya ne. Su ma 'yan Shi'a ne?

Abu Sumayya: Azhar ba ta yarda da shi ba. Kai dai fito fili ka faɗi inda ka sa gaba, ka daina laɓewa bayan fim.

Ɗan Damagaram: Aƙidata ba kai zan karanta wa ba. Ni Bamalike ne, gaba da baya.

Ɗan Fagge: Har yanzu ba a janye kalmar wasa ba. Tun 2001 Kano ke da hukumar tace finafinai, duk abin da muka yi sai ya bi ta hannunta. Wa ke kafa wa wasa hukuma?

Abu Sumayya: Ƙwallo ma tana da hukuma.

Ɗan Fagge: Rawa da waƙa kawai kuke gani, ba ku ganin darasin.

Shugaban zaure: Ya isa haka. Abin da na fahimta, mafi yawan 'yan zaure sun yarda fim hanyar karantarwa ce, kuma kiransa wasa cin fuska ne ga masu sana'ar. Hajiya ta kawo hujja mai ƙarfi da ba a iya turewa ba. Masu jifan mutane da aƙida su kiyaye. Na rufe.

Abu Sumayya: Mafi yawa su wa? Mutum biyu? Kowa ya san ƙaninka na harkar.

Baban Khalifa: Fastar tana nan a wurina, na shanya ta ta bushe. Malaman zaure, ƙonawa ake yi ko binnewa?