Muhawara: 4,294,967,297 firam ce ko ba firam ba ce?

Ɗan aji uku: Salam jama'a. Jiya a lesin na ce 4,294,967,297 firam ce, wato ba ta rabuwa sai da 1 da ita kanta, wani ya ƙaryata ni. Ni kuma ba daga kaina na faɗa ba, masanin lissafi Fermat ne ya ce in ka ɗauki 2 ka ɗaga ta zuwa 1, 2, 4, 8, 16 (misali 2 a ɗage zuwa 4 shi ne 2 sau 2 sau 2 sau 2) ka ƙara 1 za ka samu 3, 5, 17, 257, 65537 duk firam, to ta gaba ita ce wannan, 2 a ɗage zuwa 32 a ƙara ɗaya.

Mai shagon kwamfuta: Wlh ina bayanka ƙanena. Na gwada ta da 3, 7, 11, 13 har na wuce 100 a kalkuleta babu wadda ta shiga, kuma mutum kamar Fermat ai ba zai yi magana haka kawai ba.

Malamin lissafi: Alhaji ka tsaya da wuri ne. Buga 641 sau 6,700,417 ka gani.

Mai shagon kwamfuta: Ikon Allah. Ta fito daidai, ko lamba ɗaya ba ta kauce ba.

Malamin lissafi: Wani masanin lissafi Euler ne ya gano haka a 1732, shekara casa'in da wani abu bayan maganar Fermat ta 1640, babu kalkuleta babu komai. Kuma ba lalube ba ne, daga baya ya nuna duk firam ɗin da za ta raba wannan lambar dole in ka cire mata 1 ta rabu da 64, ka ga ke nan 193, 257, 449, 577 kawai za ka gwada sai ga 641 ta biyar. Ita ma 6,700,417 firam ce, rabuwar iyakarta ke nan.

Anti mai koyarwa: Malam na yarda ta rabu amma ban yarda a ce Fermat ya yi ƙarya ba, shi da kansa ya rubuta cewa bai kammala hujja ba, hasashe ya yi.

Malamin lissafi: Ban ce ƙarya ba Anti, kuskure na ce. Misali biyar ba hujja ba ne ko daga bakin wa ya fito, abin da nake so yaran nan su riƙe ke nan tun yanzu.

Ɗan aji uku: To Malam ko ita kaɗai ce ta fita zakka, sauran na gaba firam ne?

Malamin lissafi: Ina! Ta gabanta ma, wato 2 a ɗage zuwa 64 a ƙara ɗaya, 274,177 tana raba ta. Har yau ba a samu ko ɗaya firam ba bayan 65537, kuma ba wanda ya tabbatar cewa babu.

Anti mai koyarwa: To ka ji, tunda ba a tabbatar babu ba ni ban rufe ƙofa ba tukuna.

Ɗan aji uku: Gobe zan je in ba wanda ya ƙaryata ni haƙuri, da 641 a rubuce a hannuna.