Barfleur: yaya babbar tashar jiragen ruwa ta koma ƙauyen masunta?

Ɗalibin Tarihi: Assalamu alaikum malamai. Ƙauyen Barfleur da ke Normandi, arewacin Faransa, faɗinsa duka hekta 60 ne, mutanensa ɗaruruwa kaɗan. Amma an ce nan ce mashigar sarakunan Ingila a ƙarni na 12. Me ya durƙusar da shi?

Mai Taswira: Wa alaikumus salam. Fara duba inda yake. Yana ƙuryar arewa maso gabas ta zirin Cotentin, gabas da Cherbourg, fuska da fuska da kudancin Ingila. Lokacin da sarki ɗaya ke riƙe da Ingila da Normandi, bayan 1066, tsallakawa ta nan ta fi sauƙi. Sarkin Faransa ya karɓe Normandi a 1204, zirga-zirgar ta mutu. A 1346 sojojin Sarkin Ingila Edward na uku suka ƙone garin.

Tsohon Matuƙi: Haka ne malam, amma kar a manta da ruwan kansa. Tashar irin wadda ke ƙafewa ce: teku ya janye, jirage su zauna a kan laka, wasu jingine da bangon tasha. Ruwa kan cika sau biyu a rana, tsakaninsu kusan sa'a 12 da minti 25, kuma shiga da fita sai dab da cikar. Ka makara, ka jira ta gaba. Babban jirgi ba ya iya wannan zama.

A waje kuma ga duwatsu a ɓoye, ga igiyar ruwa mai ƙarfi da ake kira Raz de Barfleur, wadda kan haukace in iska ta yi gaba da ita. Daren 25 ga Nuwamba 1120, jirgin Blanche-Nef ya daki dutsen Quillebeuf jim kaɗan da tashinsa. Kusan mutum 300 suka nutse, har da William, magajin Sarkin Ingila Henry na ɗaya. An ce matuƙan sun sha giya, amma dutsen nan ko mai hankalinsa yana tsoronsa.

Mai Taswira: Shi ya sa aka gina hasumiyar fitila ta Gatteville kusa da wurin, aka kunna ta a 1835. Tsayinta kusan mita 75, matakala 365.

Ɗalibin Tarihi: Na gode ƙwarai. To yau me suke kamawa?

Tsohon Matuƙi: Sun yi suna da ƙumbar teku, Blonde de Barfleur. Ba kiwonta ake yi ba, jirgi ke jan ragar ƙarfe ya kankaro ta daga ƙasan teku. Shekarar da ta yi ƙaranci a kan hana kamunta, masunta su koma kan kifi da ƙaguwa.