Farin ɓawon da ke kama gindin buta: ya naku ruwan yake?

Uwargida, Tudun Wada: Salamu alaikum 'yan uwa. Tunda muka koma sayen ruwan burtsatse a hannun 'yan garuwa, butar dafa ruwana ta yi wani farin ɓawo a gindi, kankarewa sai da cokali. Sabulu ma da kyar yake kumfa. Da ruwan famfo ban ga haka ba. Ko datti muke ɗirka wa yara?

Mai shayi, Kwangila: Hajiya, kwantar da hankalinki. Tukunyata tun asuba tana kan wuta, ni da ɓawon nan mun saba. Tsamiya nake jiƙawa in tafasa a ciki, ko lemun tsami, sai ya saki da kansa. Abin da ke ɓata min rai shi ne 'yar fatar da ke taruwa a saman shayi idan ruwan irin wannan ne.

Malamin kimiyya, Samaru: Ba datti ba ne, Hajiya. Ruwan da ya daɗe a ƙarƙashin ƙasa yana narkar da sinadaran kalsiyam da magniziyam, tare da bikabonet. Da an tafasa, iskar kabon ta fice, sauran ya kwanta ya zama alli. Shi ne farin. Ruwan madatsa kamar Shika ko Kubanni a Zariya, wanda ake turowa a famfo, ruwan sama ne da ya taru, shi ya sa yawanci ya fi laushi. Ma'aunin ruwan sha na Najeriya ya tsayar da taurin ruwa, wato yawan kalsiyam da magniziyam a cikinsa, a miligiram 150 cikin lita, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta sa masa iyaka don lafiya ba. Ku lura fa: ɓawo bai nuna ruwa na da tsabta ko babu ba, ƙwayar cuta maganarta daban.

Mai gyaran famfo, Sabon Gari: Malam, ni wanda ba ya ɓawon ya fi ba ni tsoro. Na kwance tsofaffin bututan ƙarfe a gidajen da butarsu fes take, amma tsatsa ta cinye cikin bututun, da safe ruwa ya fito ja.

Wata uwa, Gyallesu: Mu rijiya gare mu. Da damina takan gurɓace, sai in jefa alif. Ranar da ya yi yawa ruwan har bauri yake a baki.

Malamin kimiyya, Samaru: Maganarku ɗaya ce da ta maigida mai famfo. Bikabonet shi ke tare tsami a ruwa, alif kuwa cinye shi yake yi. Idan ya ƙare ruwa ya yi tsami, ya fara cin ƙarfe. Don haka gidajen ruwa kan bi alif da farar ƙasa, su riƙe ma'aunin tsamin ruwa (pH) tsakanin 6.5 da 8.5. Baba, ki rage hannu, ɗan kaɗan ya isa randa.

Uwargida, Tudun Wada: Na gode. To wake fa, Malam? Da ruwan nan ba ya nuna sai na ƙara kanwa.

Malamin kimiyya, Samaru: Kalsiyam ɗin ne ke ƙarfafa fatarsa. Kanwa kuma kabonet da bikabonet ne na sodiyam, shi ya sa take sassauta shi.